Na sayi injin tuƙi don lafiyata, yanzu baya ya riƙe, uwargida kuma ta ɗauke mini wuta

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 44, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Wata uku da suka wuce likita ya ce jinina ya fara hawa, sikari ma yana bakin ƙofa, ya ce in rage teɓa in riƙa motsa jiki. Na gwada gudu bayan asuba, gwiwa ta ƙi. Sai wani abokin aikina ya nuna mini injin tuƙin jirgin ruwa na cikin gida, wanda ake zama a kai ana jan sarƙa. Na samu na hannu, ƙirar Concept2, na saya da kuɗin da muke tarawa don sauya batiran sola, kuma ban shawarci mai ɗakina ba. Abokin nan ya buɗe mini shafi a kundin intanet inda ake rubuta aikin kowace rana. Ni mita 2,000 tana cin mini minti 10 da 'yan kai, shi kuwa bai kai minti 8 ba, kullum sai ya turo hoton allonsa a zauren WhatsApp na ofis. Da na duba jerin sunayen masu hawa injin na duniya da ke cikin kundin, wanda aka jera bisa sauri, sai na ga ina can ƙasa-ƙasa. Haushi ya sa na ɗaga lambar injin zuwa 10, na riƙa yin mita 2,000 da iya ƙarfina kowace safiya har kwana goma sha biyu. Yanzu ƙuguna ya riƙe, ruku'u ma da ƙyar. Uwargida ta ce na saya wa falo ƙarfe mai tada yara daga barci, ga shi muna kwana cikin zafi, ta daina yi mini magana sai ta dole. Kwana tara ke nan ban hau ba, kunya ma nake ji in buɗe kundin. In sayar da shi ne in huta, ko akwai dabara?

Wani magidanci, daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya, ya kuma sanyaya gidanka. Na karanta wasiƙarka sau biyu kafin in taƙaita ta, kuma na lura da wani abu: inda ka fi tsawaitawa shi ne maganar jerin sunaye da abokinka, maganar uwargida kuwa layi uku ka ba ta. A wurina jerin sunayen nan shi ne mafi sauƙin matsalolinka. Amma bari mu fara da ƙugu, tunda shi ba ya jira.

Ka koma wurin likitan da ya auna ka tun farko, ka faɗa masa gaskiyar abin da ka yi, kwana goma sha biyu da duk abin da ke ciki. Yawancin ciwon ƙugu irin wannan gajiyar tsoka ce, yakan lafa cikin 'yan makonni idan mutum yana ɗan tattaki bai kwanta ya naɗe ba. Sai dai idan ciwon yana sauka ta cinya har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari ya fara yi maka gardama, wannan ba na jira ba ne, ka tafi asibiti a ranar. Kuma tunda kana wurin, ka tambaye shi kai tsaye ko ya yarda ka riƙa yin motsa jiki mai tsanani, domin mutumin da jininsa ke hawa bai kamata ya fara da irin gwajin da ka fara da shi ba. Mita 2,000 ita ce tazarar gasar tuƙi a wasannin Olamfik, kuma 'yan wasan da wannan ne sana'arsu ba sa yin ta da iya ƙarfi kowace rana. Gwaji ce da ake yi jifa-jifa, ana shirya mata, ana kuma tsoronta. Kai kuwa ka mai da ita karin kumallo.

Yanzu ga abin da nake kyautata zaton ya faru da bayanka. Mu nan idan aka ce tuƙin kwale-kwale, hoton da ke zuwa mana shi ne na masunta a kogin Kaduna ko a Argungu, mutum yana fuskantar gaba, yana sara ruwa da filafili, ƙarfin duk a damtse da kafaɗa. Wannan injin wani irin tuƙi yake kwaikwayo, na siraran jiragen tsere da matuƙi ke juya wa gaba baya, yana zaune a kan kujera mai zamewa. An sa kujerar ta zame ne domin ƙafa ta yi aikin. Masu horarwa sukan ce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa, sauran a raba tsakanin gangar jiki da hannuwa, hannuwan su ne da kaso mafi ƙanƙanta. Wanda ya hau yana fizgar mariƙin da hannu, bayansa a lanƙwashe kamar mai shara da gajeriyar tsintsiya, to ƙugunsa ne zai biya.

Idan likita ya sallame ka, ka sake koyon abin daga tushe, kamar ba ka taɓa hawa ba. Ka ɗaure madaurin a kan faɗin ƙafa, daidai inda yatsu suka soma. Ka matso gaba har ƙwaurinka ya miƙe tsaye, kada ka wuce nan, hannuwa a miƙe, kafaɗa a sake, ka ɗan karkato gaba daga kwankwaso, gadon baya kuma a miƙe. Daga nan ka tura da ƙafa, kamar mai son ture bango. Hannu bai da aiki tukuna, ƙugiya ce kawai da ke riƙe da mariƙi. Sai ƙafa ta kusa miƙewa ne jiki zai ɗan kwanta baya kaɗan, sannan hannu ya ƙarasa, ya kawo mariƙin ƙasan haƙarƙari. Komawa kuma a juye take: hannu ya fara miƙewa, jiki ya biyo, sai mariƙi ya wuce gwiwa kafin gwiwar ta lanƙwashe. In ka ga kana ɗaga mariƙi don ya tsallake gwiwa, ka yi gaggawar naɗe ƙafa ke nan. Komawar ta fi turawar daɗewa, kamar ninki biyu, a nan ne ake numfasawa. Ka jingina waya a gefe ta ɗauke ka na minti ɗaya, ka kalla. Ba daɗin kallo, na sani, amma abin da za ka gani a minti ɗayan nan ya fi duk bayanin da zan rubuta maka.

Sai maganar lamba 10. Wannan kuskuren kusan duk sabon shiga yana yin sa, domin ido yana ganin 1 zuwa 10 sai zuciya ta ce ai 10 ce ta maza. Ɗan hannun da ke gefen fankar injin, wadda sarƙar ke juyawa, ƙofar iska yake buɗewa. In ka kai shi 10, iska mai yawa na shiga, fankar tana saurin mutuwa tsakanin ja da ja, kowane ja sai ya zama kamar tada babban jirgin katako daga tsaye. In ka sauke shi, sai ya zama kamar siririn jirgin tsere. Allon kuwa yana lissafa wannan bambancin da kansa, don haka lamba 10 ba ta ƙara maka ko mita ɗaya kyauta, nauyi kawai take ɗora wa ƙugu. Kamfanin da kansa tsakanin 3 da 5 yake ba da shawara ga yawancin masu motsa jiki. Ka ajiye shi a 4 ka manta da shi. Abu ɗaya da za ka lura da shi a irin garinmu: ƙurar hunturu tana taruwa a cikin kejin fankar ta toshe iska, sai injin ya yi sakayau ko da lambar ba ta sauya ba. Tunda na hannu ka saya, ka sa a buɗe a share, ka riƙa goge sandar da kujera ke gudu a kai bayan kowane hawa, ka ɗan shafa wa sarƙar mai duk bayan aikin awa 50, sannan ka rufe shi da tsohon zani.

To, mu zo kan kundin, inda zuciyarka ta fi ciwo. Lambar da ta fi girma a allon, wadda take nuna abu kamar 2:30, tana faɗa maka lokacin da za ka ci mita 500 in ka ci gaba a yadda kake. Kai kana wajen 2:30, abokinka yana wajen 2:00. A ido tazarar daƙiƙa 30 ce kacal, shi ya sa ka ga kamar da ɗan ƙara ƙwazo za ka kamo shi. Lissafin injin ba haka yake ba. Tafiyar 2:30 ƙarfin wat 104 take buƙata, ta 2:00 kuwa wat 203, wato sai ka kusa ninka ƙarfinka biyu. Ruwa haka yake, iska ma haka, duk ƙarin saurin da kake nema farashinsa hawa yake yi fiye da kima. Ba wanda ke ninka ƙarfinsa cikin kwana goma sha biyu, ko ɗan shekara 20 ne. Ƙari a kan haka, injin yana son dogon mutum mai jiki, domin janshi ya fi tsawo. In abokinka ya fi ka tsawo, ya kuma riga ka farawa da shekara ɗaya ko biyu, to wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Jerin sunayen ma ka san su wa ke cikinsa. Wannan injin wasu 'yan'uwa biyu ne matuƙa, Dick da Peter Dreissigacker, suka fara ƙera shi a jihar Vermont ta Amurka a 1981, da wilin keke ma aka yi na farkon, domin matuƙa su samu abin atisaye lokacin da sanyi ya daskarar da koguna. Har yau ɗaliban jami'o'i masu tsere, da tsofaffin 'yan wasa, da mutanen da suka shekara ashirin suna hawa, su ne suka cika jerin. A 2018 wani ɗan Ostireliya, Josh Dunkley-Smith, ya ci mita 2,000 cikin minti 5 da daƙiƙa 35.8. Kuma ba kowa ke sa sakamakonsa a jeri ba, wanda ya yi abin nunawa shi ya fi sawa. Masu fama irinka, waɗanda likita ya turo, suna da yawa ƙwarai, amma galibinsu suna rubutawa a kundinsu su yi shiru. Ka shiga kasuwar 'yan dambe ne ka auna damtsenka, ka dawo kana cewa kai rago ne.

Ina tuna Hamadou Djibo Issaka, ɗan Nijar, da ya wakilci ƙasarsa a tseren tuƙi na mutum ɗaya a Olamfik ɗin Landan a 2012. Wata uku kacal ya yi yana koyo kafin gasar. Ya zo na ƙarshe da tazara mai nisa, mita 2,000 ta ci masa fiye da minti 8, 'yan kallo kuma suka tashi suna yi masa tafi har ya ƙarasa. Ban kawo shi don in ce ƙarshe daɗi gare shi ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa ko wanda ƙasa ta tura, mai ƙuruciya fiye da kai, wata uku ba su mai da shi gwani ba, kuma bai ji kunyar a rubuta lokacinsa duniya ta gani ba.

Shawarata ita ce kada ka rufe kundin, ka sauya abin da kake nema a cikinsa. Sa sakamako a jerin gasa zaɓi ne, ba dole ba, kuma kana iya ɓoye shafinka daga idon jama'a. Ka yi hakan na wata uku. Ka sauke manhajar ErgData a waya, idan allon injinka samfurin PM5 ne za ta haɗu da shi ba tare da igiya ba, ta tura aikin cikin kundin da kanta. In tsohon allo ne, ka shigar da hannu, minti ɗaya ya isa. Akwai gurbin sharhi a ƙarƙashin kowane aiki, kuma a wurina wannan gurbin ya fi lambobin daraja ga mutum irinka. Ka rubuta yadda ƙugu ya kwana, da awon jininka na wannan makon, da ko ka yi barci sosai, da nauyinka sau ɗaya a mako. Ranar da za ka koma asibiti sai ka buɗe wa likita, ya ga wata uku a jere, abin da ba ya samu daga yawancin marasa lafiyarsa. Lambar kalori da allon ke nunawa kuwa kada ka ɗauke ta da zafi, ƙiyasi ne da aka gina a kan mutum mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, kuma teɓa a kwanon tuwo da kofin shayi mai siga ake fara rage ta.

Ga yadda zan so ka fara. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Makon farko da na biyu, minti 5 sau uku, kana sauka ka miƙe ka ɗan taka na minti 2 a tsakaninsu. Ƙaramar lambar da ke ƙirga ja nawa kake yi a minti, ka riƙe ta tsakanin 18 da 22, ko da ka ji kamar wasa kake yi. Ma'aunin shi ne ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba. In ƙugu bai yi ƙorafi ba, ka riƙa ƙara minti biyu-biyu har ka kai minti 20 a zama ɗaya, daga baya 30. Sauran kwanakin ka yi tafiyar ƙasa, ko zuwa masallacin da ya fi nisa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma hawa uku na minti 30 da tattaki biyu na minti 30 sun kai ka can. Bayan wata biyu, in kana son abin aunawa, ka zaɓi minti 30 ka ga mita nawa za ka ci, ka maimaita sau ɗaya a wata. Ka ajiye ruwa kusa, ka kauce wa tsakar rana a watannin bazara. Idan an ɗora ka a kan maganin sikari, ka tambayi likita yadda za ka yi da hawa kafin karin kumallo da kuma lokacin azumi. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa, duk wanda ka ji ka sauka nan take.

Abokinka ban ga laifinsa sosai ba. Shi ya nuna maka hanya, kuma mai yiwuwa hoton da yake turawa shi ne abin da ke tashinsa daga gado. Ka same shi ku biyu, ban da zauren ofis, ka ce masa ƙugu ya kama ka, za ka koma baya ka fara a hankali. Ka ba shi shawarar ku riƙa ƙirga kwanakin da kowa ya hau a wata, wannan gasa ce da kai ma za ka iya ci. In ya zama mai gori ne, ka kashe sanarwar zauren, ba sai an yi faɗa ba.

Uwargida kuwa tana da gaskiya, kuma ina ganin kai ma ka sani, shi ya sa ka taƙaita. Kuɗin nan tare kuka tara, ko da daga albashinka ya fito, domin ita ta riƙa matse cefane har ya taru. Ta sa rai a kan fanka da daddare da firjin da ba zai lalata mata miya ba, sai ta wayi gari da ƙarfe mai tsawon kusan mita biyu da rabi a falonta, ba a ko tambaye ta ba. Ina zaton rashin tambayar ya fi kuɗin yi mata ciwo. Akwai kuma tambayar da ba ka amsa mini ba a wasiƙar: ka faɗa mata abin da likita ya ce kuwa? Maza da yawa sukan ɓoye irin wannan don kada a ga gazawarsu. In ba ta sani ba, abin da take gani shi ne miji ya bi abokinsa ya sayo abin wasa. In ta san tsoro ne ya kai ka, tsoron hawan jini da abin da yake yi wa magidanta a tsakiyar ƙarfinsu, maganar za ta sauya, ko da fushin bai tafi a rana ɗaya ba.

Ka zauna da ita bayan yara sun kwanta. Ka ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba, ka nuna mata takardar asibiti, sannan ka zo mata da lissafi: nawa za ka riƙa cirewa duk wata, daga kuɗin kashewarka kai, ba daga na cefane ba, kuma wane wata batiran za su shigo. Ka bar mata zaɓin wuri da lokaci. Injin yana rabuwa gida biyu cikin 'yan daƙiƙoƙi a jingine shi a lungu, nauyinsa wajen kilo 26 ne, kuma ba ya shan wutar gida, batura biyu ne a allon, fankar ma tana taimaka musu idan ana ja. Ƙarar iska ce ke tada yara, don haka ko ka fitar da shi baranda ka shimfiɗa masa tabarmar roba, ko ka mai da hawan bayan la'asar. Kada ka ce mata ita ma ta hau don ta rage jiki, wannan zai ɓata duk abin da ka gyara. In wata rana ta tambaya da kanta, ka koya mata yadda na koya maka, ka buɗe mata nata kundin daban.

Batun sayarwa ban rufe shi ba. Irin wannan injin yana da ƙarko, ba ya saurin faɗuwa a kasuwar na hannu, don haka jinkirin wata uku ba zai ci maka kuɗi mai yawa ba. Ka gaya wa uwargida haka ƙarara, ku sa rana tare. In ranar ta zo kundin ya nuna ka hau sau 30 ko kusa da haka, ƙugu lafiya, awon jini ya fara sauka, injin ya ci kuɗinsa. In kuwa likita ya ce bayanka ba zai ɗauka ba, ko kundin ya nuna hawa biyar cikin wata uku, ka sayar ka sayo batiran, ka koma tafiyar ƙasa da sauri ko keke, su ma suna sauke jini, su ma ana iya rubuta su kullum ko a littafin makaranta ne. Kuma ka ba ta damar buɗe kundin ta duba da kanta duk lokacin da ta so, tunda da kuɗinta a ciki.

Ka sake rubuto mini bayan ka ga likita, ina son in ji abin da ya ce game da ƙugun. Ka gaishe da uwargida da yara.